Tambaya: in dai dokar ƙwadago ɗaya ce a Najeriya, me ya sa kowace jiha take biyan abin da ta ga dama?

Abu Tumfure ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana doka da 'yan ƙwadago da ke nan ku ɗan warware min wani abu da ya shige min duhu.

Na ji a wani shirin rediyo ana cewa ƙasar Ostireliya, wadda ita ma tarayya ce mai jihohi kamar tamu, da can kowace jiha da nata dokokin aiki, nata kotun sasanta ma'aikata, sannan ga na gwamnatin tarayya a gefe guda, daga baya suka haɗe su ya zama tsari ɗaya. Sai na ce to mu me ya hana mu yin haka? Don ni abin da nake gani, shugaban ƙasa ya sa hannu a kan dubu 70 tun 2024, amma Legas ta ce dubu 85, Kano dubu 71, mu nan Gombe dubu 71 da 'yan kai, Bauchi dubu 70, kowa da nasa lissafin, kuma ko a cikin jiha ɗaya ma'aikacin sakatariya daban na ƙaramar hukuma daban. Ni kuma a wata makarantar kuɗi nake koyarwa a cikin garin Gombe, kuma wallahi abin da nake ɗauka bai kai rabin wannan dubu 70 ɗin da ake ta faɗa ba, da na yi magana sai aka ce min wai wannan doka ta ma'aikatan gwamnati ce ba ta shafe mu ba.

To tambayata biyu ce. Shin kowace jiha tana da tata dokar ƙwadago ne shi ya sa ake wannan bambancin? In haka ne me ya sa 'yan majalisa ba za su haɗe su ba a huta? Ta biyu kuma, mu na makarantun kuɗi da masu aiki a shaguna da gidajen mai wa ke da alhakinmu, jiha ko tarayya? Na gode.

Sadiq Wunti ya rubuta:

Hhhh malam Abu kai har kana da albashin da ake lissafawa, mu da muke jiran shago a Wunti sai abinda oga ya miko ranar da ya ga dama. Bari dai masana su zo mu ma mu karu.

Barista Yelwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Abu. Abin da kake nema a yi ai tuni an yi shi, a takarda dai. Babu wata dokar ƙwadago ta jihar Bauchi ko ta jihar Gombe. A kundin tsarin mulki na 1999 akwai jerin abubuwan da majalisar tarayya ce kaɗai take da hurumin yin doka a kansu, kamar soja da kuɗin ƙasa da kwastam, kuma ƙwadago yana cikin wannan jerin, shi ne lamba ta 34. A ƙarƙashinsa aka zuba komai, ƙungiyoyin ma'aikata, rikici tsakanin ma'aikaci da mai aiki, lafiya da tsaron ma'aikaci a wurin aiki, sasanci, da kuma tsayar da mafi ƙarancin albashi. Kenan ko majalisar dokokin Gombe ta zauna gobe ta ce ta yi dokar yajin aiki ko ta rajistar ƙungiyar ƙwadago, kotu za ta yi watsi da ita. Dokar ƙwadago ta 1974, dokar rikicin ma'aikata ta 1976, dokar biyan diyyar ma'aikacin da ya ji rauni ta 2010, duk na tarayya ne kuma su ke aiki daga Badagry har Baga. Kotu ma guda ce, tun gyaran tsarin mulki na uku da aka yi a 2010 aka ba kotun ma'aikata ta ƙasa hurumin shari'ar aiki ita kaɗai, shi ya sa ko gwamnatin jiha ce ta kore ka ba babbar kotun jiha za ka je ba, can za ka nufa.

Su mutanen Ostireliya matsalarsu akasin tamu ce. Su sun taso da tsari barkatai, kamfani ɗaya mai rassa a jihohi uku sai ya tarar yana bin dokoki iri-iri. Jihar Biktoriya ce ta fara miƙa ikonta ga tarayya a 1996. A 2005 gwamnatin John Howard ta yi amfani da ikon da tarayya take da shi a kan kamfanoni ta janyo mafi yawan ma'aikata ƙarƙashinta da ƙarfin tsiya, jihohi suka kai ƙara, babbar kotunsu ta ba tarayya gaskiya a 2006, amma dokar ta yi baƙin jini sosai wurin ma'aikata don ta rage musu kariya, a zaɓen 2007 Howard ya faɗi har kujerarsa ta majalisa ya rasa. Waɗanda suka gaje shi ba su koma tsohon tsari ba, sai suka yi sabuwar doka a 2009 suka lallaɓa jihohi, daga farkon 2010 duk jihohin suka miƙa ikonsu a kan ma'aikatan kamfanoni da masu zaman kansu in ban da Ostireliya ta Yamma da ta ƙi. Amma lura da wani abu, a mafi yawan jihohinsu ma'aikatan gwamnatin jiha suna nan ƙarƙashin tsarin jiharsu. Wato wurin da suka haɗe shi ne ɓangaren masu zaman kansu, mu kuwa duk rigimarmu a kan ma'aikatan jiha take.

Bambancin da kake gani tsakanin Legas da Gombe bai saɓa doka ba. Dubu 70 ƙasa ce, ba wanda ya isa ya sauka ƙasa da ita amma kowa na iya hawa sama. Abin da doka ba ta faɗa ba shi ne nawa za a ƙara wa wanda yake mataki na 8 ko na 12 in an ɗaga na mataki na 1, wannan kowace jiha ita da 'yan ƙwadagonta suke zama su yi ciniki, kuma a nan ne ake yi wa mutane wayo. Gwamna zai fito a talabijin ya ce ya cika alkawari, gaskiya ne masinja ya kai dubu 70, amma mai digiri da shekara goma sha biyar a aiki sai ya ga ƙarin da ko buhun masara ba zai saya ba.

Maganar cewa dokar ta ma'aikatan gwamnati ce kaɗai kuwa ba gaskiya ba ce. Ta shafi masu zaman kansu. Sai dai akwai togaciya a dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019, wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba an cire shi, haka masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin gona na damina. To ka ƙirga ku nawa ne a makarantar taku, har da masu gadi da masu shara.

Ɗan Baitulmali ya rubuta:

Barista Allah ya ƙara ilimi, bayani ya fita. Amma ni zan faɗi abin da na san ba zai yi wa mutane daɗi ba, ni ina ganin wannan haɗewar ita ce ma ciwon. Na daɗe ina aikin lissafin albashi kuma na san yadda ake zufa duk ƙarshen wata kafin kason Abuja ya sauko. Ta yaya za a zauna a Abuja, tarayya da take kwashe kashi 52.68 na abin da ake rabawa, ta yanke wa jihohi 36 da suke raba kashi 26.72 a tsakaninsu abin da za su biya? Legas abin da take tarawa na cikin gida a wata guda wata jihar a nan arewa maso gabas ba ta tara shi a shekara, sannan a ce riga ɗaya za a ɗinka wa ƙato da yaro kowa ya sa. Kuɗin hayar ɗaki biyu a Kumo ko Darazo ai ba ɗaya yake da na Ikeja ba, kuɗin mota ma haka.

Kuma ba sabon abu nake kawowa ba, a jamhuriya ta farko kowane yanki shi ke tsara albashin ma'aikatansa, Arewa daban Yamma daban Gabas daban, mulkin soja ne ya zo ya tattara komai a tsakiya, aka yi ƙarin albashin nan na kwamitin Udoji a 1974 kowa ya ɗauka arzikin mai ba zai ƙare ba. Tun daga nan muke ta wannan wasan, a sa hannu a doka a yi tafi, sannan a shekara uku ana yajin aiki a kan aiwatarwa. An yi dubu 18 a 2011 haka aka yi, an yi dubu 30 a 2019 akwai jihohin da har aka zo maganar dubu 70 ba su gama da ita ba. A 2015 sai da Buhari ya ba jihohi kuɗin ceto don kawai su biya bashin albashi, ku tuna fa.

Shi ya sa da ɗan majalisar nan na Sabon Gari a Kaduna, Garba Datti Muhammad, ya kawo ƙudirin a mayar da mafi ƙarancin albashi cikin jerin haɗaka yadda jiha ma za ta iya yin tata dokar a 2021, ni ban ga laifinsa ba. Gwamnonin kudu ma sun sake tada maganar a 2024 cewa a bar kowace jiha ta yi ciniki da ma'aikatanta gwargwadon ƙarfinta. Gara a ce dubu 55 ce kuma tana shigowa ranar 25 ga wata ba fashi, da a rubuta dubu 70 ana bin ka bashin ƙarin girma na shekara biyar. Ra'ayina kenan, a yi haƙuri.

Kwamared Bajoga ya rubuta:

Ɗan Baitulmali ƙanena, na ji ka, amma wallahi wannan waƙar mun sha jin ta tun kana makaranta. Lokacin da aka yi dokar farko a 1981 zamanin Shagari, naira 125 ce, kuma sai da ƙungiyar ƙwadago ƙarƙashin Hassan Sunmonu ta shiga yajin aiki na ƙasa baki ɗaya kafin a samu, a ranar ma cewa aka yi babu kuɗi. Ba a taɓa yin shekarar da gwamna ya fito ya ce jama'a bana akwai rara ku zo a ƙara muku ba.

Ka ce a bar kowace jiha ta yi tata doka. To wa zai yi dokar? Majalisar jiha. Kai tsakaninka da Allah a Najeriyar nan majalisar jiha nawa ka sani da take iya ce wa gwamna a'a? Ranar da aka mayar da wannan abu hannun jihohi, a sati guda za a yi karatu na ɗaya na biyu na uku a ce mafi ƙarancin albashi dubu 40 ne, maƙwabciya ta ga haka ita ma ta sauke nata, kuma masu kamfanoni da masu makarantu su bi sahu don su ma da abin da gwamnati take biya suke auna nasu. Shi ya sa a watan Maris na 2021 Ayuba Wabba, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa na lokacin, ya ja ma'aikata har cikin harabar majalisar tarayya a kan wannan ƙudirin da kake yabo, kuma mun yi daidai.

Maganar babu kuɗi kuma, tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 abin da jihohi suke karɓa daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, kai da kake lissafi ka fi ni sani, a lokacin da kuɗin mota da na abinci suka ninka wa ma'aikaci. Ana samun kuɗin ɗaukar mataimaka na musamman ɗari-ɗari da jerin gwanon motoci, sai an zo kan mai shara a asibiti ne lissafi yake ƙin fita. Sannan wani abu, albashin gwamna da na kwamishina da na ɗan majalisa ai hukumar rabon arzikin ƙasa ce take tsarawa daga Abuja, ban taɓa jin gwamnan da ya ce jihata talaka ce a rage min nawa ya bambanta da na Legas ba. In tsarin tarayya na gaskiya ake so a fara daga nan mana.

Amurka da ake ta kafa mana hujja da ita ma tana da mafi ƙaranci na tarayya, dala 7.25 a awa tun 2009, jihar da ta ga tana da hali ta ɗara, amma ba ta isa ta hana ma'aikacin da dokar tarayya ta shafa wannan ba. Ai shi ne abin da muke da shi yanzu. Abin da ya rage mana haƙori ne, doka ce ba mai tsoron ta. Ni da za a bi tawa, jihar da ta ƙi biya a cire daga kasonta tun daga Abuja a zuba wa ma'aikata kai tsaye, shikenan magana ta ƙare.

Maman Hanifa Misau ta rubuta:

Sallama gare ku. Baba Kwamared Allah ya saka da alheri, amma ku ma ƙungiya kuna da naku laifin fa, in an zauna ciniki da gwamnati ma'aikatan jiha ake fara sallama, sai a ce na ƙananan hukumomi da malaman firamare za a duba nasu in kuɗi ya samu, ku kuma ku sa hannu ku janye yajin aiki. Mu ne kullum 'yan baya. Ni malaman firamare ce, ƙawata da muka gama kwalejin ilimi tare ita ta samu sakandare ƙarƙashin jiha ni na samu firamare, takardanmu ɗaya shekarunmu a aiki ɗaya amma in muka haɗa albashi sai kunya ta kama ni.

Mu ba ma Legas muke hange ba, a daidaita mu da na cikin jihanmu tukuna. Albashinmu daga kuɗin ƙananan hukumomi yake fitowa, ta asusun haɗin gwiwan nan, kotun ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, to ni har tsoro ma abin yake ba ni don iyayenmu sun ba mu labarin lokacin da albashin malamai yake hannun ciyamomi, a yi wata da watanni ba a biya ba. Ga maganan fansho, tarayya ta koma tsarin adashi tun 2004 amma kowace jiha sai ta yi nata dokan kafin ya hau kan ma'aikatanta, shi ya sa wani ya yi ritaya ya samu haƙƙinsa wani kuma ya shekara da shekaru yana bin giratuti har ya rasu magada su ci gaba da bi. Barista wannan ɗin fa, ba a cikin lamba 34 ɗin yake ba?

Abu Tumfure ya rubuta:

Kai jama'a na ƙaru wallahi. Barista na ƙirga, malamai kaɗai mun kai 31 ban da masu gadi da direbobi. Amma ba wanda aka ba takardar ɗaukar aiki a cikinmu, da baki ne kawai, albashi kuma wani wata ta banki wani wata a hannu. A haka akwai abin da mutum zai iya yi ko dai haƙuri ne?

Barista Yelwa ya rubuta:

Hajiya Maman Hanifa, fansho yana da nasa gurbin daban. Abin da tarayya take da iko a kai kai tsaye shi ne fanshon da ake biya daga asusunta, sannan dokar fansho ta 2014 ta kamo kamfanoni, inda ma'aikaci yake zuba kashi 8 mai aiki ya zuba kashi 10. Ma'aikacin jiha kuwa sai jiharsa ta yi doka, kamar yadda kika faɗa. Haka ƙa'idojin aikin gwamnati, ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa, kowace jiha da hukumarta. To kin ga ashe haɗewar tamu ma rabi ce, dokar ciniki da kotu na tarayya, aljihun da za a biya na jiha. Ko kin yi nasara a kotu a kan gwamnatin jiha, kafin a taɓa asusunta akwai tsohuwar dokar da ta ce sai an nemi yardar kwamishinan shari'a, wato lauyan wanda kika kayar, shi ma gwamnan ba a gurfanar da shi shi kansa yana kan kujera saboda sashe na 308 na tsarin mulki. Shawarar Kwamared ta cirewa daga kaso tana da daɗin ji amma sai an taɓa tsarin mulki, kuma gyaran tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 sun amince, ka ga an dawo hannun gwamnonin.

Malam Abu, naka ya fi sauƙi don ba gwamnati ce ta ɗauke ka ba. Tunda kun haura 25 kuma cikakken aiki kuke yi, dokar ta hau kan makarantar. Rashin takarda ba ya nufin babu yarjejeniya, hasali ma dokar ƙwadago cewa ta yi a ba ma'aikaci bayanin sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Ka fara tara shaida ba tare da hayaniya ba, saƙon banki na watannin da aka biya ta asusu, katin shaidar aiki, jadawalin darasi mai sunanka, hoton rajistar da kuke sa hannu da safe. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana da ofishi a kowace jiha, can ake fara kai koke su kira mai makarantar a zauna, in ya ƙi sai kotun ma'aikata. Amma kar ka je kai kaɗai, ranar da ka kai ƙara kai ɗaya washegari za a ce an rage ma'aikata, ga masu NCE birjik suna jiran gurbin. Ku samu ko mutum goma ne ku sa hannu tare. Kuma ka duba kuɗin makarantar da yara suke biya da yawansu kafin ku zauna, don abin da zai fara ce muku shi ne in ya biya dubu 70 sai ya rufe makarantar, ya kamata ku san ko gaskiya yake faɗa.

Sadiq kai kuma shagonku ku nawa ne? In ba ku kai 25 ba wannan dokar albashin ba ta iso gare ku ba, sai dai abin da kuka yi da oga, amma in ya riƙe maka abin da kuka yi alkawari wannan bashi ne, kana iya bin sa.

Sadiq Wunti ya rubuta:

Mu uku ne Barista, dayan ma kanin matarsa ne.